Ranar da Mutanen Dumega Suka Je Gaida Mai Radiyo

In ana zancen mutanen da bakinsu ya riga ƙafarsu zuwa ko'ina, a ƙasar Arewa dai Hilaire na Dumega ba shi da na biyu. Ya taɓa yin wankin tukwane a gidan mishan na Dogon Dutsi, ya dawo gida da tsohuwar hular Turawa da 'yan kalmomin Faransanci da ba su cika cokali ba. Tun daga nan ya hana kowa kiransa Hilaire tsurarsa, sai dai Mushe Hilaire, wato Malam Hilaire a bakin Faransawa. Matarsa Odile ce kaɗai ba ta karɓi wannan doka ba. Ita Baban Pauline take ce masa, in ya ɓata mata rai kuma ta ce “kai”.

A shekarun nan na farkon samun 'yancin kai aka kawo wa garinmu akwatin radiyo guda ɗaya tal, don jama'a su riƙa taruwa suna saurare tare. Sai rigimar wanda zai riƙe ta. Riƙon radiyo kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A ƙofar gidanka ake taruwa, kai kake kunnawa, kai kake kashewa, dattawa masu furfura su zauna suna jiran ka gama cin tuwo. Abdulmumini tela ya nema, ya ce shi ya saba da inji tunda shi ke taka keken ɗinki. Maganarsa ta kusa shiga, sai Hilaire ya miƙe ya gyara hula.

“Keken ɗumki daban, radiyo daban,” in ji shi. “Mutumin da ka magana cikin akwatin ga abokina na. Ƙwarya guda munka sha hura da shi.”

Baba Illo, dattijon da ake jin maganarsa a garin, ya ce ai ba a ƙwace wa mutum amanar abokinsa. Aka miƙa wa Hilaire radiyo. A faɗi gaskiya kuma, yana son radiyon nan so na haƙiƙa. Kullum sai ya goge ta, ya lulluɓe ta da zane, in pil, wato batir, ya yi sanyi har abinci ba ya iya ci.

Kowace la'asar mai magana ya buɗe da gaisuwa, ya tambayi jama'a yadda suka wuni, mu kuma mu amsa baki ɗaya, lafiya lau. Haka aka yi ta yi har aka kai gero rumbu. Ran nan ana gama saurare sai Baturiya, yayar Baba Illo, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi amma harshenta bai yi ba, ta buga sandarta ƙasa.

“Illo, mun zama marasa kumya,” ta ce. “Bawan Allah wanga tun bazara shika zuwa garinmu, shina gaishe mu, shina tambayar lahiyarmu. Wa yat taɓa taka ƙahwa yaj je gidanshi ya rama gaisuwa? Haka uwayenmu sunka koya muna?”

Kowa ya sunkuyar da kai, don maganar ta kama mu. Baba Illo ya juya wajen Hilaire ya tambaye shi inda gidan abokin nasa yake. Da ya ce Yamai, da zance ya mutu nan take, don babu wanda zai ɗauki tsohuwa ya kai ta Yamai. Amma kafin ya buɗe baki, Abdulmumini ya riga shi.

“Ai iyakar tahiyar Mushe Dutsi ta. In sun sha hura, can sunka sha ta. Ko ba haka ba, Mushe?”

“Dutsi shike mana!” in ji Hilaire. “Ni nan nuna musu hilin da anka gina gidan radiyo. In kun shirya in kai ku, ku ga wayar da labari ka bi, ku ga gidan, har telebijan in nuna muku, radiyo mai hoto.”

Mun dai ji ƙishin-ƙishin cewa a Yamai an fara gwada wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, irin wannan abu, amma ba wanda ya taɓa gani. Abdulmumini ya ce ya yarda, da sharaɗi: in aka je ba a sami mai magana ba, radiyo ta koma shagonsa. Baba Illo ya ce an yi adalci.

Da suka shiga gida Odile ta tsaya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

“Baban Pauline, ko Dosso ba ka taɓa gani ba.”

“Ke dai bar ni da su. Mutanen da ba su san tagar gilashi ba? Sai sun shekara suna ba da labarina.”

“Wanga kam na yarda,” ta ce. “Ni ko zan bi ka.”

Ranar kasuwar Dutsi muka hau kamyo, babbar mota mai jigilar gyaɗa. Ga Baba Illo da rawaninsa na salla, ga Baturiya rungume da zabi biyu na gaisuwa, ga Abdulmumini yana murmushin mugunta, ga Odile ta ɗaure fuska, sai mu 'yan rakiya. Hilaire ya zauna bisa buhu mafi tsawo, yana nuna mana itatuwa yana faɗin sunayensu da Faransancin da shi kaɗai ya san shi.

Muna sauka ya wuce gaba, ya kai mu gindin wata doguwar sandar waya a bakin hanya. Ya ce kowa ya kara kunne. Muka kara, sai muka ji wani gunji can ciki, kamar ƙudan zuma a tulu.

“Kun ji? Labarun duniya na ka wucewa,” in ji Hilaire. “Ɗanyu na tukuna. Sai sun isa gidan radiyo a tace su, a hidda dusa.”

Baba Illo ya yi wa sandar sallama, don kada a ce ya wuce baƙi bai gaishe su ba. Baturiya ta manna kunnen dama, ta juya na hagu, ta ce ita ba ta ji komai ba, ko ƙarya ake mata don ta tsufa.

“Bari in ƙara miki sauti, Inna,” in ji Hilaire. Ya karɓi sandarta, ya ja da baya, ya shiga narka wa sandar waya duka. Bai ɗaga kai ya ga gidan rina da ke maƙale can sama ba. Kafin ka ce kwabo sun sauko mana. Rawanin Baba Illo ya warware yana binsa a baya, zabin Baturiya suka kuɓuce suka haye katangar mutane, ba a sake ganinsu ba. Rina kuwa kamar sun san mai laifi, suka bar kowa suka taru a kan leɓen Hilaire.

Da muka tsaya muna haki a inuwar wata bedi, Abdulmumini ya ce, “Mushe, waɗanga ma labaru na?”

“Labarun yaƙi na,” in ji Hilaire, leɓensa na sama ya riga ya kai girman ƙwan zabuwa. “Kun taki sa'a, ba kullum aka samunsu ba.”

Daga nan ya ja mu wani gidan siminti mai faffaɗar tagar gilashi. A ciki wani akawu ne zaune kan kujera, ya tuɓe riga saboda zafi, yana cin shinkafa da hannu. Hilaire ya ce mu zauna ƙasa a jere, ga telebijan.

“Mutumin ga da kuka gani ba nan shike ba,” ya ce. “Shina Yamai. Hotonshi ɗai anka aiko.”

Wallahi mun sha mamaki, don har maiƙon da ke yatsunsa ana gani. Baturiya ta ce ashe mutanen Yamai ma suna suɗe hannu. Masu wucewa kasuwa suka ga dattawa zaune suna kallon taga, su ma suka tsaya su ga abin da ake kallo, nan da nan hanya ta toshe. Akawu ya ɗaga kai ya ga garke guda na ƙirga masa loma. Ya yi mana alama da hannu mu tashi. Baturiya ta ɗaga nata hannun ta ce ita ma tana gaishe shi. Ya miƙe yana ta faɗa, bakinsa na motsi, ba ma jin komai.

“Hoto ya yi kyau, amma ina magana?” in ji Baba Illo.

“Yanzu-yanzu, Baba.”

Hilaire ya matsa ya kama wani ɗan ƙarfe a jikin tagar ya murɗa. Taga ta buɗe, magana ta fito, kuma ba irin wadda ake so dattijo ya ji ba ce. A bayanta kwanon ruwan wanke hannu ya biyo, ya sauka a fuskar Hilaire har da ƙwayoyin shinkafa. Taga ta rufe garam.

Baba Illo ya shafa inda ruwan ya fallatsar masa a hannu, ya shinshina.

“Hilaire, ruwan ga daga Yamai yaz zo?”

“Ci gaba ke nan, Baba.”

“Da ɗuminshi ko,” in ji dattijon, yana jinjina kai.

Abdulmumini ya ce shi bari ya zagaya bayan gidan ya ga inda hoton ke shiga. Hilaire ya cafke hannun rigarsa, ya ce rana na yi, mai magana ba ya son a sa shi jira. Muka tashi, 'yan kasuwa da suka gane an samu abin dariya kyauta suka biyo mu ɗuu. Odile na can baya, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Gidan radiyon da ya kai mu wata ƙatuwar mangaza ce ta ajiyar gyaɗa, rufin kwano, ƙofarta ɗaure da kwaɗo, da wata 'yar kafar shan iska can sama da ƙofa. Tun zamansa na Dutsi ya san akwai kwanon da ya ɓalle ta baya.

“Ga doka,” ya ce. “Ba a ganin mai magana. In ido ya taɓa shi murya ta dushe, ƙasa dut ta rasa labari. Ni ɗai aka bari in shiga. Ku tsaya nan, za ku ji shi ta kahwar can.”

Ya zagaya baya. A hanya ya zari mazurarin wani mai sayar da kananzir, ya kutsa ciki, ya haye tarin buhuna har ya kai kafar, ya kafa mazurari a baki. Da kumburin leɓe da ƙarar gwangwani, muryar da ta fito ko uwarsa sai ta yi tunani kafin ta gane ta.

“Alo, alo! Jama'ar Dumega, bonjur! Nan gidan radiyo!”

Baba Illo ya tuɓe takalma, ya durƙusa a rana tsaka. Ya gaishe shi da aiki, ya gaishe shi da gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sauron damina. Ya ba da haƙurin zabin da suka gudu. Mai magana yana ta amsawa da “bon, bon”, yana jin daɗin kansa. Har ya fara ba su labarin yadda jiragen sama ke neman izninsa kafin su wuce.

Gaisuwa ta ƙare, muka tsaya muna jiran abin da kowane baƙo ke jira. Shiru. Rana na dukanmu, ƙasa na gasa tafin Baba Illo. Baturiya ta dubi ƙofa, ta dubi ƙanenta.

“Illo, an kawo ruwa ni ban gani ba?”

“Ba a kawo ba, Yaya.”

“Tabarma hwa?”

“Babu.”

Ta dogara sanda ta ɗaga kai wajen kafar. “Kai, ɗan wa kake? Mu can garinmu bisa tabarma sabuwa muka aje ka, mu lulluɓe ka da zane, yaro ya yi tari kana magana a kore shi. Yau mun zo gidanka, tsohuwa kamata, ko ruwan randa babu? Wace ƙasa anka haihe ka?”

“Inna, nan biro na, wurin aikin gwamnati, ba a shan ruwa ga biro,” in ji muryar.

Ran Baba Illo ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran mutumin da ya girmama wanda bai cancanta ba. Ya miƙe ya sa takalmansa.

“To, mun gani. Mutumin da bai san haƙƙin baƙo ba, ba shi ƙara magana garinmu, 'ya'yanmu su ɗauki halinshi. Muna komawa a maida akwatin inda yah hito. Ba Hilaire, ba Abdulmumini, kowa ya huta.”

Nan Hilaire ya ga ta ɓaci. Duk wannan wahala don radiyo ya sha ta, ga shi ƙaryar ta karɓu har ta wuce inda yake so. Muryar ta sauko daga sama ta koma roƙo.

“Haba Baba, a yi haƙuri! Kar a maida akwati! A bar ma Mushe Hilaire, mutumin kirki, mai ilimi, wanda dut Arewa ba kamatai!”

“Ba shi munka zo gaidawa ba,” in ji Baba Illo. “Ruwa munka tambaya.”

“Ai zancen ruwa ba laihina ba na! Matar Mushe anka ba aikin kawo ruwa, ita ta ba ta kawo ba. Kun san halinta, raguwa ta, ga baki. Mushe haƙuri ɗai shika yi da ita.”

Tun safe Odile take haɗiye magana, don kunyar miji kunyarta ce, ta ƙudura ko zai ce shi ya gina dutsen garin ba za ta tanka ba. Amma a kira ta raguwa gaban kasuwar Dutsi? Ta sauke gyale ta ɗaure a ƙugu, ta ratsa mutane ta tsaya ƙarƙashin kafar.

“Mai radiyo, tunda ka san ni haka, hwaɗa ma duniya: wa yan nome gonar Mushe bana, shina kwance shina goge akwati?”

“Madam, wanga ba ya cikin labarun yau.”

“Sa shi ciki. Ka ƙara da wanda yas saida akuyata yas sayi pil.”

“Aro na nay yi! Na ce miki zan maida!”

“Yaushe?”

“Ke Odile, ki ruhe mini baki gaban mutane! Bari mu je gida, kya gani!”

Baba Illo ya zaro ido.

“Gida? Wane gida za ka kai matar mutane? La'ilaha illallahu! Ashe abin har ya kai nan? Hilaire! Hilaire, kana ciki kana ji, abokinka na neman matarka! Kama muna shi, ga mu nan shigowa!”

Dattijon nan da kansa ya fara dukan ƙofa, Baturiya na taya shi da sanda, samarin kasuwa suka sa kafaɗa. Daga ciki murya biyu ke fitowa, ɗaya ta mazurari tana cewa a yi haƙuri, ɗaya ba mazurari tana cewa ta kama shi, kada kowa ya shigo. Hayaniya ta jawo mai gadin mangaza a guje, ya ce kada a karya masa ƙofa, ga mabuɗi. Yana zare kwaɗo, buhunan da suka jingina da ƙofa suka zubo waje, a kan na ƙarshe kuwa ga Mushe Hilaire tafe, ƙafafu sama, mazurari a baki, gyaɗa na zuba daga aljihunsa. Ya gangaro ya tsaya daidai gaban takalman Baba Illo.

Abdulmumini ya leƙa cikin mangaza, ya duba dama da hagu. “Mushe, ina abokin?”

“Ya hita ta baya,” in ji Hilaire, da 'yar ƙaramar murya.

Dariyar da aka yi ran nan har masu sayar da shanu a can ƙarshen kasuwa sai da suka zo tambaya. Mai kananzir ya ƙwace mazurarinsa, mai gadi ya sa Hilaire ya tsince gyaɗar da ta zube ɗaya bayan ɗaya. Baba Illo bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya tambaye shi a hankali.

“Mai magana na gaskiya, ina shike?”

“Yamai, Baba.”

“Ya san ka?”

Hilaire ya dubi ƙasa. Ya girgiza kai, har ya ba ni tausayi.

“To alhamdu lillahi,” in ji dattijon. “Ashe bawan Allah bai hana mu ruwa ba. Akwati ya zamna.”

Abdulmumini ya matso yana shafa hannu, ya ce sharaɗi dai sharaɗi ne, a kai radiyo shagonsa. Baturiya ta tare shi da sanda.

“Kai tun sahe ka san ƙarya ta, kab bari rina sunka ci mu don ka samu akwati. Koma ga ɗumkinka.”

Baba Illo ya ce Yaya ta yi gaskiya. Ya ce shi yau ya gane kunna radiyo ba wuya, ko akuya ta taka sai ta yi magana, gwaninta tana wajen wanda ya iya kashe ta in surutu ya yi yawa. Kuma duk taron nan mutum ɗaya ya gani da ta iya wannan. Ya nuna Odile.

Haka radiyo ta kwana a gidan da ta saba kwana, sai dai ta sauya ɗaki. Da la'asar Odile ke fito da ita, ita ke kunnawa, dattawa su jira ta gama kwashe tuwo. Hilaire yana zama can gefe, hula a gwiwa, yana kallon akwatin kamar maraƙin da aka yaye, ko ƙura ba a bari ya goge mata. Hali dai ba ya mutuwa, wani lokaci in baƙo ya zo sai ka ga ya gyara zama ya fara, “Lokacin da nike gidan radiyo...” Odile ba ta ko waiwayowa. Yatsu biyu take ɗagawa ta murɗa iska, Mushe ya yi tsit.